FILIN LISSAFI: Saniya tana da haƙora, batir ba shi da su

Filin Lissafi na wannan wata zai yi magana a kan mota. Ba kowace mota ba. Mota mai tsada ta manyan masu kuɗi, wadda ba ta shan esansi, ba ta shan gazuwal. Kuran take sha. Ana kiranta motar lantarki.

Mai karatu zai ce: ina ruwan biri da gada? Manomin shinkafa na Kirkisoy ba ya sayen motar attajirai. Makiyayi ma haka. Gaskiya ne. Amma akwai dalili 2 da suka sa maganar ta shafi talaka.

Na 1, motar da Bature ya gaji da ita, Afirka take zuwa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙidaya. Daga shekara ta 2015 zuwa 2018, ƙasashen Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsoffin motoci miliyan 14. Kashi 40 cikin 100 Afirka suka zo. Tsohuwar motar lantarki ita ma wannan hanya za ta biyo.

Na 2, abin da ke cikin motar nan ya riga ya shigo ƙauye. Shi ne batir. Yana cikin salula. Yana cikin fitila mai aiki da hasken rana. Yana cikin babur mai kuran. Wanda ya gane lissafin babbar mota, ya gane lissafin waɗannan duka.

MECE CE MOTAR LANTARKI?

Mota ce kamar kowace mota. Tana da taya 4, da sitiyari, da kujeru. Amma ba ta da tankin mai. A ƙarƙashinta akwai babban batir, shimfiɗe kamar tabarma. Nauyinsa yakan kai kilo 500, ko ya wuce. Wato buhu 10 na shinkafa mai kilo 50.

Ana haɗa ta da waya, ta sha kuran, kamar yadda ake yi wa salula. Idan ta ƙoshi ta yi tafiya. Idan batir ya sauka ta tsaya. Ba ta hayaƙi. Ba ta ƙara.

Akwai masu sauƙin kuɗi, akwai na ƙasaita. Cikin na ƙasaita akwai Tesla Model S ta Amurka, wadda ta fito a 2012. Akwai Jaguar I-Pace ta kamfanin Ingila, a 2018. Akwai Porsche Taycan ta Jamus, a 2019. Kowace ɗaya, kuɗinta sabuwa miliyoyin sefa ne masu yawa.

MECE CE FAƊUWAR DARAJA?

Kowane inji yana da kuɗi 2. Kuɗin ranar saye, da kuɗin ranar sayarwa. Abin da ke tsakaninsu shi ne faɗuwar daraja.

Ga misali. Mutum ya sayi keke jika 60. Ya hau shi shekara 3. Ya kai shi kasuwa, aka taya jika 25, ya sallama. A cire 25 daga 60. Saura 35. Jika 35 ke nan suka tafi. Ɓarawo bai ɗauka ba. Wuta ba ta ci ba. Kwanaki ne suka cinye su.

Wannan hasara ba ta da ƙara. Kuɗin mai ana jin zafinsa, don daga aljihu yake fita kullum. Faɗuwar daraja kuwa kamar gara take a cikin rumbu. Sai ranar da aka buɗe ake ganin ɓarna.

ABIN DA AKA ƘIDAYA A AMURKA

A Amurka akwai wani kamfani mai suna iSeeCars. Aikinsa bin kuɗin motoci a kasuwa. A shekara ta 2025 ya duba motocin da suka yi shekara 5 a hannun masu su. Ya gwada kuɗinsu na sabunta da kuɗinsu na ranar sayarwa.

Don lissafi ya yi sauƙi, a ɗauka kowace mota jika 100 aka saye ta. Ga abin da ya rage bayan shekara 5:

Toyota Tacoma, a-kori-kura mai shan mai: saura jika 74.
Motoci duka, in an haɗa su an raba: saura jika 54.
Motocin lantarki duka: saura jika 41.
Tesla Model S: saura jika 35.
Jaguar I-Pace: saura jika 28.

A sake duba layin ƙarshe. Jika 100 ta koma jika 28. Jika 72 sun tafi.

To, yanzu a yi lissafin da kuɗi masu yawa. A ɗauka wani ya sayi irin wannan mota miliyan 50 na sefa. Kashi 72 cikin 100 na miliyan 50 shi ne miliyan 36. A raba miliyan 36 da wata 60, wato shekara 5. Kowane wata jika 600. A raba jika 600 da kwana 30. Kowace rana jika 20.

Jika 20 kullum. Ko motar ta fita, ko tana kwance a inuwa. Ko mai ita yana barci. Ban da kuɗin kuran, ban da taya, ban da takardu.

DON ME TAKE FAƊUWA HAKA?

Dalili na 1: tsadar kanta. Motar ƙasaita, ko mai shan esansi ce, saurin faɗuwa take yi. A cikin wannan ƙidaya, babbar BMW mai lamba 7 ta rasa kashi 67 cikin 100. Attajiri sabuwa yake so. Ba ya sayen wadda wani ya hau. Mai ƙaramin ƙarfi kuma yana tsoron kuɗin gyara. Sai motar ta rasa mai so. Abin da ba shi da masu saye da yawa, kuɗinsa ƙasa yake yi. Haka dokar kasuwa take, ko a kasuwar albasa.

Dalili na 2: sabuwa tana karya tsohuwa. A ƙarshen 2022, Tesla Model S mai suna Plaid tana kusan dalar Amurka 136,000. A lura, dalar Amurka ake nufi, ba dalar nan ta tamma 5 ba. A cikin 2023 kamfanin ya yi ta rage kuɗi. Kafin watan Satumba ya ƙare, sabuwa fil ta koma kusan 90,000. To, wanda ya saya da tsada fa? Tasa ta tsufa, ga sabuwa ta fi ta araha. Wa zai ba shi kuɗinsa? Ba ta yi hatsari ba, ba ta lalace ba, amma darajarta ta zube.

Manomi ya san wannan. Wanda ya sayi hatsi da tsada a cikin damina ya ajiye, in kaka ta yi, sabon hatsi ya cika kasuwa, sai ya sayar da hasara.

Dalili na 3: sana'ar batir tana gudu. Daga 2010 zuwa 2024, kuɗin ƙera batir ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100. Kowace shekara ana fito da wanda ya fi nisan tafiya, ya fi saurin shan kuran. Kamfanonin ƙasar Sin, irin su BYD, suna ƙera motoci masu yawa da sauƙin kuɗi. Motar shekara 5 sai ta zama kamar tsohuwar salula. Tana aiki, amma ido ya koma wani wuri. Ita Jaguar I-Pace ma, an daina ƙera ta a ƙarshen 2024.

Dalili na 4: tsoron batir. Shi ne abin da ya fi tsada a jikin motar. Yawancin kamfanoni suna ɗaukar alkawarin gyara shi ko sake shi kyauta har shekara 8, ko kilomita 160,000. Wanda ya sayi mota mai shekara 5, shekara 3 kawai ta rage masa a cikin alkawari. Bayan nan, in batir ya mutu, daga aljihunsa. Saboda haka yake taya ta da arha.

Ba talaka kaɗai lissafi ke kayarwa ba. Akwai babban kamfanin ba da hayar motoci a Amurka, sunansa Hertz. A 2021 ya ce zai sayi Tesla 100,000. A watan Janairu na 2024 ya ce zai sayar da motocin lantarki 20,000 daga cikin nasa. Kuɗin gyaransu bayan hatsari ya yi yawa, darajarsu kuma ta faɗi. Ga akawu, ga na'ura, amma ya yi hasara.

IDAN TA ISO HAROBANDA

Waɗancan lambobi na Amurka ne. Can akwai wurin shan kuran a bakin manyan hanyoyi. Akwai garejin kamfani. Duk da haka ga yadda ta faɗi. To, ina ga ranar da ta ƙetare gadar Kenedi ta shigo Kirkisoy? Abu 4 ke jiranta.

Na 1, zafi. Batir irin wannan ba ya son zafi. Zafi yana sa shi saurin tsufa. A Yamai, cikin watan Afrilu da Mayu, zafi yana wuce awo 40.

Na 2, kuran. Mutanen Yamai ba su manta 2023 ba. A watan Agusta na shekarar aka yanke kuran da ke zuwa daga Najeriya. A lokacin, kusan kashi 70 cikin 100 na kuran Nijar daga can yake fitowa. Sai a 2024 aka maido shi. Gaskiya ne akwai tashar Gorubanda a wannan gefe na kogi, mai aiki tun 2017. An ƙara mata ta hasken rana a 2023. Amma mai sayen mota yana tuna daren duhu. Mai motar esansi yana iya sayen kwalba a bakin hanya. Kuran ba a zuba shi a kwalba.

Na 3, ruwa. A 2012 da 2020 kogi ya cika ya shiga unguwannin Harobanda, har da Kirkisoy. Batir kuwa a ƙasan mota yake. An rufe shi da kyau, ruwan sama ba ya yi masa komai. Amma motar da ta kwana cikin ambaliya, ba a amince mata. A 2022, bayan wata babbar guguwa a jihar Fulorida ta Amurka, wasu motocin lantarki da ruwan teku ya shanye sun kama da wuta daga baya. Kuma a sani: cikin tsoffin motocin da ake kawowa Afirka akwai waɗanda suka yi hatsari, akwai waɗanda ruwa ya ci. Ana wanke su, a shafa fenti.

Na 4, mai gyara. Don me tsohuwar Toyota take riƙe kuɗinta a Nijar? Don kowane makanike ya san cikinta. Kayanta suna kasuwa. In ta tsaya a Say ko a Torodi, za a sami mai taɓa ta. Haka Peugeot 404 da 504 suka yi zamaninsu. Motar lantarki ta ƙasaita kuwa sai da kwamfuta ake gane ciwonta. Ƙarfin kuran da ke cikinta yana kashe mutum. Ba a buɗe ta da sifana da guduma.

Saboda haka, in wata rana aka ga irin wannan mota da arha, kada a yi mamaki. Ba sa'a ba ce. Kasuwa ce ta riga ta yi lissafinta. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

SANIYA DA BATIR

An san Kirkisoy da abu 2: shinkafar fadama, da shanun nono masu cin burgu. To, a gwada saniya da mota.

Makiyayi ya sayi karsana. Ya ba ta burgu da dusa. Ta girma, ta ɗauki ciki, bayan wata 9 da ƴan kwanaki ta haihu. Ga maraƙi, ga nono, ga taki na gona. Bayan shekara 5, in an yi dace, igiya 1 ta zama igiya 3. Mota ba ta haihuwa.

Amma kada a ce saniya ba ta faɗuwa. Tana faɗuwa. Dattawa sun ga farin 1973 da na 1984. Matasa sun ga 2005 da 2010. Shanu sun rame, an sayar da su a wulaƙance, wasu sun mutu. Ciwo ma yana kashewa. Ba dukiyar da ba ta da hatsari.

Bambancin yana nan. Saniya ba ta ɓoye kanta. Mai saye yana buɗe bakinta ya ƙidaya haƙora, ya san shekarunta. Yana duba tozo, ya shafa haƙarƙari, ya dubi hantsa. Yana sa a kora ta ya ga tafiyarta. Dillali ya faɗi abin da yake so, ido yana gani.

Batir ba shi da haƙora. Sabo da tsoho, akwatinsu ɗaya. Wanda zai yi shekara 10 da wanda zai mutu bayan sallah, kamarsu ɗaya. Fenti yana ƙyalli, kujera tana laushi, amma ƙarfin yana ciki inda ido ba ya kaiwa. Abin da ba a iya dubawa, ba a biyansa da tsada. Wannan shi ne tushen maganar duka.

KADA A YI WA MOTAR ƘAZAFI

Gaskiya ɗaya ce, sai a faɗe ta duka. Motar lantarki ba banza ba ce. Ba a yi mata juyen baƙin mai. Kayan da ke motsi a cikin injinta kaɗan ne. Ba ta ɓata iskar gari. Inda kuran yake da araha, tafiya da ita ta fi sauƙi. Ƙasar Habasha, mai manyan madatsun ruwa, ta hana shigo da ƙananan motoci masu shan mai tun 2024.

Batir ɗin ma ba ya mutuwa da wuri kamar yadda ake tsoro. Wani kamfanin ƙasar Kanada mai suna Geotab ya bi motoci dubbai. Ya ga batir yana rasa kusan kashi 2 cikin 100 na ƙarfinsa a shekara. Amma ya ga na ƙasashe masu zafi ya fi saurin raguwa.

Kuma hasarar wani ribar wani ce. Wanda ya saya sabuwa shi ya ɗauki babbar faɗuwa. Wanda ya saya a hannu na 2 yana iya morewa, in yana da kuran tabbatacce, da mai gyara, da hanyar auna batir. In babu waɗannan 3, ya sayi ɗakin kaji mai tsada.

ABIN DA MANOMI DA MAKIYAYI ZA SU RIƘE

Babbar mota tana nesa. Amma ƙannenta suna bakin ƙofa: babur mai kuran, adaidaita mai batir, injin ban ruwa mai aiki da rana, batir na gida. Yaro yakan dawo daga ci-rani ya ce: Baba, a sayar da sa 2 a sayi kaza, riba na nan. Wani lokaci yaron yana da gaskiya. Wani lokaci kuwa kwaɗayi ne. Kafin a kwance igiya, sai a zauna a yi tambaya 6.

1. Abin nan zai kawo kuɗi, ko don a gani ne? Injin da ke ban ruwa yana biyan faɗuwar darajarsa da shinkafa da kayan lambu. Abin ado ba ya biyan komai.

2. Nawa ake sayar da irinsa wanda ya yi shekara 3? A je kasuwa a tambaya kafin a saya. A cire wannan daga kuɗin sabo. A raba da wata 36. Abin da ya fito, shi ne hayar da mai shi zai riƙa biya kowane wata ba tare da ya sani ba.

3. Nawa ne kuɗin batir shi kaɗai? Ana samunsa a Yamai? In mai kanti ya kasa faɗin kuɗinsa, a bar abin.

4. Wa ke gyara shi, kuma a ina? A je a ga mutumin da ido.

5. Akwai takardar alkawari? Wata nawa? A sa a rubuta, da kwanan wata, da sa hannu. Wanda ya koyi karatu ya karanta da kansa. Magana ta baki iska ce.

6. In tsoho ne, an auna batir? A cika shi, a yi aiki da shi yini guda, a ga inda ya tsaya. Mai kaya nagari ba ya ƙin gwaji.

Ga ƙarin bayani ga masu lambu. Allon hasken rana yana iya yin shekara 20 yana aiki. Batir ɗin da ke tare da shi ba ya kaiwa ko kusa. Akwai injin ban ruwa da ke aiki kai tsaye da rana, ba batir. Rana ta fito ya ja ruwa, ta faɗi ya huta. In an zuba ruwan a tanki, tankin ya zama ma'aji. Tanki kuwa ana leƙa cikinsa.

Wanda ya riga ya mallaki abu mai batir, ya ajiye shi a inuwa. Kada ya bar shi ya sauka ƙaf kullum. Ya ɗaga shi daga ƙasa in damina ta yi. Ya adana takardunsa cikin leda. Ranar sayarwa, takarda ita ce haƙoran batir.

A kwaperatif ma haka. In ƙungiya ta sayi inji, sai ma'aji ya riƙa ware kuɗi kowace kaka a cikin asusu, daidai da faɗuwar darajar injin. Ranar da ya mutu, kuɗin sabo yana nan. Ba sai an bi gida gida ana karo-karo ba.

LISSAFIN WANNAN WATA

Ga aiki ga ɗaliban gidajen yaƙi da jahilci. A yi shi a allo, a nuna wa malami.

1. An sayi babur jika 600. Bayan shekara 3 an sayar da shi jika 240. Nawa ya faɗi? Nawa ke nan a kowane wata?

2. Ƙungiya ta sayi injin ban ruwa jika 400. Zai yi shekara 5. Ana girbin shinkafa sau 2 a shekara. Nawa za a ware a kowane girbi don sayen sabo?

3. Mota ta miliyan 20 ta rasa kashi 59 cikin 100. Nawa ta koma?

Amsa tana fitowa a jarida ta wata mai zuwa. Wanda ya karanta, ya karanta wa maƙwabcinsa.